Ƙunar da ke Bayan Yayana

Mu rundawa ne, mahauta tun kakanni, gidanmu yana Sabon Garin Jega. Ni aka sa boko, na ƙare a malamin firamare, ina tafiya Maiyama da safe in dawo bayan azahar. Yayana shi ya gaji wuƙar mahaifinmu. Bai girme ni da yawa ba, amma ya ninka ni jiki, kuma in ya ɗaga murya a mayanka ana jin sa har bakin gada. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an yi kuwwa yana zaune ba.

Kuwwa a wajenmu kira ce. In gobara ta tashi, ko jirgin fito ya kife a gulbi, ko katanga ta faɗa wa mutum da damina, wanda ya fara gani sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya faru, ya kuma faɗi wurin. Iyakar aikinsa ke nan, sauran na ƙafafun jama'a ne. Wannan ita ce gudummawa, tun kafin kalmar ta koma abin da ake miƙa wa ango ranar biki. Namijin da ya ji kuwwa ya tsaya neman takalmi, zai daɗe yana shan ba'a a majalisa. Wanda ya shige ɗaki kuwa ban san me za a ce masa ba, don ban taɓa ganin an yi ba.

Yaya ya sha wuya a wannan hanya, kuma yana taƙama da ita. Azara ta taɓa karya masa hannun hagu a gobarar wasu rumfuna, muka kai shi Aliero wajen masu ɗori, ya dawo yana cewa hannun ya fi da ƙarfi. Yana da tabo a goshi, yana da na ƙaho a ƙirji. In zafi ya yi yakan tuɓe riga a mayanka, ya yi aiki daga shi sai wando, kuma ni na san ba zafin kaɗai ke sa shi ba. A sana'armu wurin da tabo yake magana ce babba. Sa in ya soke ka a gaba, an san ka tsaya masa. In ya same ka a baya, ba sai an tambaye ka ba. Akwai wani tsohon barunje a unguwarmu da bijimi ya taɓa tsinka wa wando ta baya tun yana saurayi, ya yi jikoki ana tuna masa. Yaya yakan buga ƙirji ya ce, "Ku duba da kyau, nawa duk gaba su ke."

Ni abin haushi yake ba ni, na kuma sha faɗa masa. Mutum mai iyali, gashi ya fara fari, amma ko akuya ta faɗa rijiya shi ne a gaba. In na yi magana sai ya ce, "Malam, kai riƙe allinka." Da haka yake rufe min baki.

'Yata ta fari ta bi mijinta wata ƙasar Turai inda ya je ƙarin karatu. Garin da suka sauka yana kusa da tashar wutar lantarki ta nukiliya, har ta ce daga tagar ɗakinta tana hango hasumiyoyin tashar suna fitar da farin tururi. Wata shekara, lokacin da ake kwasar albasa, ta zo ganin gida da ɗanta. Yaya ya shigo da la'asar da ƙullin balangu, ya zauna a tsakar gida yana tsokanarta, wai ta koma fara sol, ko can ba su da rana ne.

Cikin hira ta ba da labarin ranar da ta fara jin jiniyar garin. Ta ce tana cikin girki ta ji wata ƙara mai tsawo ta cika ko'ina, ta saki ludayi ta fito waje da gudu ba ko mayafin kirki, tana waige-waige ta ga inda abin ya faru. Ba kowa a titi sai wata tsohuwa maƙwabciyarta da ke ban ruwan furanni. Tsohuwar ce ta gaya mata gwaji ne, lokaci-lokaci ake yi don a tabbata jiniyar na aiki. Ta kuma ja mata kunne: ranar da aka busa ta gaske, abin da ta yi yau shi ne babban kuskure.

Yaya ya ce, "To mi a ka so ki yi?"

Ta ce, "Baffa, shiga ɗaki za ka yi. Ka rufe ƙofa, ka rufe taga, ka kunna rediyo ka jira umarni. In tashar ta samu matsala, gubar da ke fitowa ba a ganinta, ba ta da wari, iska ce ke ɗaukarta. Hukumomi sun raba mana wasu ƙwayoyin magani, an ce a ajiye, kada a sha sai an yi sanarwa. In ta kai ga barin gari, su za su faɗi hanyar da za a bi, don sai sun duba inda iska ta nufa."

Ya daina tauna. "In maƙwabcinki na waje hwa?"

"Shi ma ya san abin da zai yi."

"In wanga yaro na makaranta?" Ya nuna jikana da haɓa.

Ta ce, "An ce kada a je ɗaukarsa. Malamai za su kula da su, in an kwashe su a gaya mana inda aka kai su. In kowa ya fito da mota hanya za ta toshe." Ta jawo yaron jikinta. "Wannan ɗin kam, Baffa, ban sani ba ko zan iya."

Yaya ya karkaɗe hannu ya miƙe. "Garin da a ka yin kuwwa kowa shi shige ɗaki shi ja ƙyaure? Waɗanga ba mutane ba na. Ki tattara ki dawo gida."

Muka yi dariya, har da ita. Amma bayan ta koma, maganar ta zauna min. Mu ba mu da tashar nukiliya, wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Tankokin mai muke da su. Jega mahaɗar hanyoyi ce, dare da rana suna wucewa, kuma akwai wata kwana a fitar gari ta hanyar Maiyama wadda duk doguwar mota sai ta karkata a cikinta. Kullum ina bi ta wurin. Ga shi kuma ana ta jin labari a rediyo, tanka ta faɗi a wani gari, jama'a sun taru, wuta ta tashi. Duk lokacin da na ji, fuskar mutum ɗaya nake gani. Na san in ta faru a kwanarmu, kafin a ce me, Yaya yana gindin tankar.

Na sami mai unguwa da maganar, ya karɓa. Aka yi taro a ƙofar masallaci bayan la'asar, da liman, da ladan, da direbobi, da masu shayi da masu tsire na bakin titi. An yi magana mai ma'ana ranar. Aka ce in tanka ta faɗi kada wanda ya tayar da babur ko mota kusa da wurin. Masu wuta a bakin hanya su kashe ta da ƙasa. Mata da yara a nufi filin makaranta da su, don yana kan tudu, mai ba zai gangara can ba. Wanda ke da lambar 'yan kwana-kwana ya kira su. Sanarwa kuma ladan zai yi a lasifika, tunda tasa ce muryar da kowa ya sani.

Ladan, dattijo ne mai son ya yi abu daidai, ya ce, "To mi za ni cewa? Kun san in nic ce gudummawa, garin duka na tahowa."

Aka ɗan yi muhawara, aka tsaya a kan ya ce "a gudu". Gajere ne, ba wanda bai san shi ba. Duk muka gyaɗa kai, har liman ya shafa fatiha a kai. Cikin taron nan kaf ba wanda ya ga wani abin tambaya a kalmar.

Yaya yana jingine da bishiya yana sakace. Mai unguwa ya juya ya ce, "Kai muka nuhi da wagga magana hwa."

Ya ce, "Ranka shi daɗe, na jiya. Amma kun san ni."

A hanyar gida na tsare shi. Na ce fetur ba bijimi ba ne, ba a kama shi a ƙaho. Na ce in bai ji tausayin kansa ba ya ji na 'ya'yansa. Na faɗa masa kai tsaye cewa tsoro nake ji, ba na so in zama ni zan wanke shi. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya ce in riƙe allina.

Abin ya faru da bazara, bayan azahar, ina dawowa daga Maiyama a motar haya. Muna gab da shiga gari direbanmu ya taka birki da ƙarfi. Can gaba, a kwanar, tanka ce kwance a gefenta, tayoyin sama suna juyawa. Ba a daɗe da faɗuwar ba. Mai yana bulbulowa, ya malale kwalta, ya sami lambatu ya bi. Warin ya iso mana tun kafin mu buɗe ƙofa. Direbanmu ya kashe mota, ya ce kowa ya fita ya ja baya. Muka koma can nesa muka tsaya a kan wani tudun gona. Tankar tana tsakaninmu da gari, daga inda nake ina ganin ta, ina kuma ganin titin da ya shigo daga unguwarmu.

Sai lasifika ta buɗe. Muryar ladan ce.

"Jama'a, a gudu! Tanka ta hwaɗi bakin kwana, hanyar Maiyama! A gudu! A gudu!"

Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, bai rage ba. Sai dai ya ƙara da abin da bakinsa ya saba tun yana yaro: ya faɗi wurin. A kunnen mutumin Jega kuwa, in an ce a gudu aka kuma ambaci wuri, an gaya masa inda zai nufa ke nan.

Na ga sun ɓullo. Innalillahi. Titin ya cika daga gefe zuwa gefe. Wasu da bokitan ruwa, wasu da kwanoni cike da ƙasa, wasu da shebur, 'yan samari kaɗan da jarkoki, waɗannan kam ba taimako ya kawo su ba. Akasari dai mutanen kirki ne, sun fito ceton direban da ba su taɓa gani ba. Direban kuwa tuni ya fito ta gilashi, ya tsallako wajenmu yana ɗingishi yana ɗaga musu hannu, ba mai jin sa. Muka yi ta kuwwa daga tudun su koma. Kuwwarmu ƙara musu sauri ta yi.

Yaya ne a gaba. Ba sai na ga fuska ba, gudunsa na sani. Rigar aiki ce a jikinsa, da sandar kora shanu a hannu.

Ya iso har inda mai ya jiƙa kwalta. Na ga ya leƙa gaban motar ya ga ba kowa. Na ga ya dubi ƙafarsa, ya dubi lambatu. Sannan ya juya ya fuskanci jama'a, ya ba tankar baya, ya ware hannuwa da sandar a gicciye.

Muryarsa ta danne lasifika. "Ku koma! Babu kowa ciki! Mai na, ku koma! Wallahi duk wanda yaw wuce ni sai na karya mai ƙahwa!"

Taro ba ya juyawa da sauri. Na gaba sun tsaya, na baya suna turowa. Wani saurayi ya zille ta gefe da jarka, Yaya ya damƙo wuyan rigarsa, ya fizge jarkar ya yi jifa da ita, ya hankaɗa shi cikin mutane. Ya shiga kai duka da sandar, a ƙafa, a bokiti, duk inda ya samu, ba babba ba yaro. Kamar yadda yake kora garke haka ya yi musu. Da na gaba suka ji warin sosai suka kuma ga idonsa, sai suka fara juyawa suna faɗa wa na baya. A hankali titin ya soma komawa inda ya fito, shi yana biye yana kora, yana zagi, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Har yau ba a san inda wutar ta fito ba. Wasu sun ce wani ne ya tayar da babur can ƙasa, wasu sun ce garwashin da aka rufe da ƙasa ne bai mutu ba. Ni dai na ga ta taso daga lambatu ta biyo man a guje zuwa tankar. Daga nan ƙara, da wani zafi da ya mare ni a fuska duk da nisan da nake. Jama'a sun riga sun yi nisa. Shi ne na ƙarshe, shi ne mafi kusa, takalmansa kuma sun sha mai. Na ga rigarsa ta kama daga baya, na ga ya faɗi, na ga mutanen da ya gama duka sun dawo sun ja shi suna zuba masa ƙasar da suka kawo.

Sai da na zagaya ta gonaki na shiga gari. Kafin in isa an kai shi asibiti. Ba a rasa rai ba ranar. Akwai waɗanda suka ƙone kaɗan, akwai waɗanda sandarsa ta kumbura wa ƙauri, su ne ma suka fi cika asibitin da dubiya.

Ya jima bai san wanda ke kansa ba. Ranar da ya dawo hayyacinsa ina zaune gefen gado. Rub da ciki aka kwantar da shi, fuskarsa a juye wajena. Na zaci zai tambayi iyalinsa, ko ya tambayi ko an mutu.

Ya ce, "Malam, ƙunar ina ta ke?"

Na ce, "Yaya, ai kai ke jin ta."

"Ina tambayarka."

"Baya ne. Daga wuya zuwa dunduniya."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Za a ce gudu niy yi."

Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya a ɗakin marasa lafiya. Na ce wane irin zance ne wannan, mutum ya dawo daga bakin kabari abin da ya dame shi ke nan? Na ce rabin unguwa suna kallon fuskarka lokacin da wutar ta kama ka, wa zai ce ka gudu?

Ya ce, "Su huska sunka gani. Kai ad daga baya. Kai kag ga inda ni ke tsaye da inda tankar ta ke. In an tambaya, kai za ka hwaɗi."

Na ce zan faɗa. Hawaye ya zo min, na fita waje.

Ba wanda ya taɓa tambaya. Amma na faɗa, a majalisa, a mayanka, a motar Maiyama, har mutane suka gaji da ji. Aka sake zama a ƙofar masallaci, ladan ya yi ta neman gafara, mai unguwa ya ce ba laifinsa ba ne, da bakinmu duka aka zaɓi kalmar. Yanzu an tsayar cewa in irin haka ta faru ba za a ambaci inda abin yake ba, inda ake so a je za a faɗa: "A nuhi hilin makaranta." Tunda ƙafafunmu wurin da aka ambata suke bi, sai a ambata musu wurin tsira. An gwada sau ɗaya da rana, aka cika filin, har da masu bokiti.

Yaya ya warke, ya koma aiki, ko da yake hannun dama ba ya ɗaguwa sosai don fatar kafaɗa ta ɗaure. Bai ƙara tuɓe riga a mayanka ba, komai zafi.

Bai daɗe da dawowa gida ba 'yata ta kira a waya. Yana zaune a tabarma, ya sunkuyo gaba don ba ya iya jingina. Ta yi kuka, ya tsokane ta har ta yi dariya. Na miƙa hannu zan karɓi wayar, ya riƙe.

Ya ce, "Ɗiyata, tsaya. Wagga jiniya taku, in ta ɓaci da gaske, wa ka busa ta?"

Ta ce, "Ma'aikatan tashar ne ke ba da sanarwa, Baffa, hukuma ta busa."

"Su ma'aikatan, ɗaki su ka shiga su ja ƙyaure?"

"A'a. Akwai waɗanda ba sa fita. Suna ciki suna ƙoƙarin tsayar da abin, har sai an kwashe mutane."

"Suna ciki."

"Suna ciki, Baffa."

Ya murza gefen tabarma da yatsa.

"Ashe suna da mutane," ya ce. "To in kin ji ta, ki shige ɗaki ki ja ƙyaure, kada ki sa su wahalar banza. Yaron ma ki bar shi ga malamai. In kuma kin gamu da ɗaya cikinsu, ki ce wani barunje na Jega na gaishe shi."

Ya miƙo min wayar, ya gyara wuyan rigarsa ta baya.